Ganuwa a Cikin Waya: Rabon Ajin Firamare a Tallafin Adana Kayan Tarihi

(Jawabin da ɗaya daga cikin malamanmu na firamare ya gabatar a taron reshe. Mun buga shi domin waɗanda ba su samu halarta ba.)

 



An nemi in yi magana a kan wani al'amari da ba kasafai ake jin sa a tarukanmu ba. Mun saba tattauna albashi da ƙarin girma da fansho da cunkoson aji, kuma waɗannan suna nan a matsayinsu. Abin da zan kawo yau shi ne kuɗin tallafi da wasu hukumomi da gidauniyoyi na duniya ke bayarwa domin a ɗauki surar gine-ginen tarihi da kayan gado a saka su cikin kwamfuta, sannan a kai wa jama'a su gani su amfana. Maganata guda ce: a cikin irin wannan tallafi akwai kason da ake ware wa jama'a, mafi yawan jama'ar nan kuwa yara ne, kuma yaran suna hannunmu. Idan ba mu san da kuɗin ba, ba mu kuma san abin da za mu nema a cikinsa ba, za a kashe shi da sunan ɗalibanmu, ɗalibanmu ba su gani ba.

Mene ne wannan hoto?

Hoton da muka sani fuska ɗaya yake nunawa. In an ɗauki Ƙofar Ɗan'agundi daga waje, ba ka ganin cikinta, ba ka sanin kaurin bangonta. Wanda nake magana a kai yana da tsawo da faɗi da kauri, shi ya sa zan riƙa kiran sa hoto mai jiki. Mutum yakan sa yatsa a fuskar waya ko kwamfuta ya juya ginin, ya leƙa samansa, ya shiga zaurensa, ya auna tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi kamar yana riƙe da igiyar awo.

Hanyoyin yin sa guda biyu ne suka fi shahara. Ta farko, a kafa wata na'ura a kan ƙafafu uku, ta riƙa harba siririn haske na leza zuwa ga bango, tana lissafa lokacin da hasken ya ɗauka kafin ya dawo. Kowane harbi yana ba da ɗigo guda mai sanannen matsayi, kuma in ɗigogin suka kai miliyoyi sai surar ginin ta fito har da tsagar da ke jikinsa. Ta biyu ta fi araha: a zagaye abu ana ɗaukar ɗaruruwan hotuna daga kowane ɓangare, kowane hoto yana hawa kan na kusa da shi, sai kwamfuta ta haɗa su ta fitar da jiki guda. Da kyamara mai kyau, ko ma wayar hannu, ana iya yi wa tulu ko sirdin doki haka. In gini ne mai tsawo, a haɗa da ƙaramin jirgi marar matuƙi domin ɗaukar rufi da zankwaye.

Tunanin kwaikwayon gini domin a adana shi ba sabo ba ne a ƙasar nan. A Jos akwai gidan adana gine-ginen gargajiya na Najeriya, inda magina suka sake gina wani sashe na ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya da ƙasa. Sai dai wanda zai gani dole ya yi tattaki zuwa Jos. Hoto mai jiki shi ke tafiya wurin mai kallo.

Abin da ke hannunmu, da abin da ya riga ya kuɓuce

Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ne ya aza harsashin ganuwa, sarakunan baya suka ci gaba da ita, aka faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499. Turawan da suka ci Kano a 1903 sun rubuta cewa tsayinta yana tsakanin ƙafa 30 da 50. A 2007 Najeriya ta shigar da ita, tare da wuraren da ke haɗe da ita, cikin jerin share fage na hukumar UNESCO. Yau duk wanda ya bi ta gefenta ya ga yadda take: wani wuri an yanka fili an yi gini, wani wuri an ɗebi ƙasa, wani wuri ta zama juji, kowace damina kuma tana cin nata rabon. A 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa domin faɗaɗa titi. An gina wata a gurbinta, amma yaron da aka haifa bayan shekarar ba zai taɓa sanin yadda ta asali take ba sai a hoto mai fuska ɗaya.

Ba Kano kaɗai ba ce. A watan Agusta na 2023 wani sashe na masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, ya rufta a kan masallata, aka yi asarar rayuka, Allah Ya jiƙansu. A watan Satumba na 2024 ruwan sama ya kayar da tsohon masallacin Damagaram na ƙarni na 19. Ginin ƙasa mai rai ne: yana buƙatar yaɓe da gyaran indararo kowace shekara, in aka yi sakaci da shi damina biyu ko uku sai ya fara zubewa. Iyayenmu da ke zaune a nan sun ga dalar gyaɗa da idanunsu. Mu mun same ta a littafi. Ɗalibanmu kuwa in ka ce dala, ko su zaci dutse ko su zaci kuɗin Amurka.

Amfanin ɗaukar sura kafin ɓarna ya bayyana a Faransa. Wani malamin jami'a mai suna Andrew Tallon ya auna babbar majami'ar Notre-Dame ta birnin Paris da na'urar leza shekaru kaɗan kafin gobarar 15 ga Afrilu, 2019. Shi ya riga ya rasu a 2018, amma awonsa yana cikin abubuwan da masu gyara suka dogara da su, har aka sake buɗe ginin a Disamba na 2024. Sai dai mu lura da ɗaya gefen. Masassaƙa da maƙera da masu sassaƙar dutse ne suka mayar da ginin. Haka a Tumbutu: da 'yan bindiga suka rusa hubbaren waliyyai a 2012, maginan garin ne, waɗanda suka gaji sana'ar kaka da kakanni, suka sake tayar da su zuwa 2015. Hoto yana riƙe awo, hannu ne ke riƙe sana'a. Zan dawo kan wannan.

Daga ina kuɗin ke fitowa?

Akwai asusun jakadun Amurka na adana al'adu, wanda aka kafa a 2001. Akwai asusun kare al'adu da hukumar British Council ke gudanarwa tun 2016. Akwai gidauniyar ALIPH mai mazauni a Janiba, wadda aka kafa a 2017 domin kayan tarihi a yankunan rikici. Akwai gidauniyar Arcadia, wadda ke ɗaukar nauyin shirin babban ɗakin karatu na Birtaniya na ceton tsofaffin takardu, shirin da ya taɓa aiki a ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, da kuma shirin gidan tarihi na Birtaniya na rubuta ilmin sana'o'in hannu da ke neman ɓacewa. A cikin gida, hukumar kula da gidajen tarihi da wuraren tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ita ce ke da alhakin wuraren da aka ayyana na ƙasa ne, ciki har da ganuwa da Gidan Makama, kuma ba a aiki a kansu sai da izininta. Jiharmu tana da tata hukumar tarihi da al'adu a Gidan Ɗan Hausa.

Irin wannan kuɗi ya riga ya shigo Najeriya. Asusun jakadun Amurka ya ba da dala 127,000 ga ƙungiyar CyArk ta Kalifoniya domin ɗaukar surar wani wurin bauta na gargajiya a kurmin Osun-Osogbo, tare da horar da ma'aikatan gida. Gidauniyar Factum ta Sifen ta ɗauki surar sassaƙaƙƙun duwatsun Bakor na jihar Kuros Riba. Masana daga Jami'ar Cape Town sun yi wa masallatan Tumbutu da Jenne irin wannan aiki. A Nuwamba na 2022 aka buɗe rumbun Digital Benin a intanet, wanda ya tattara bayanan kayayyaki 5,246 da ke warwatse a cibiyoyi 131 cikin ƙasashe 20, akasarinsu waɗanda sojojin Ingila suka kwashe daga Benin a 1897. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wannan rumbu shi ne an kira kayan da sunayensu na harshen Edo, an kuma ɗauki muryoyin dattawa da masu sana'a suna bayani.

Masu ba da tallafi sun koyi wani darasi cikin shekarun nan: ɗaukar sura a ajiye ta a kwamfutar wata jami'a ba ya amfanar kowa. Shi ya sa takardun neman tallafi sukan tambayi mai nema: wa zai amfana? Mutanen wurin sun san da aikin? Yaya za a kai musu? Amsar da ta fi sauƙin rubutawa ita ce makarantu. Da zarar an rubuta wannan kalma, mu aka ambata, ko an gaya mana ko ba a gaya mana ba.

Inda gizo ke saƙa

Duk wanda ya daɗe a aikin nan ya san yadda ake cika irin wannan alkawari in ba a sa ido ba. A kama ɗakin taro a otal, a buga ƙyalle, a aiko a ɗauki yara goma masu tsabtar kaya, a sa musu tabarau na musamman na minti biyar, a ɗauki hoto, a raba lemo. Rahoto ya tafi cewa an wayar da kan ɗalibai. Na taɓa raka yara irin wannan taro. A hanyar dawowa na tambaye su abin da suka gani, suka ba ni labarin na'urar sanyaya ɗaki.

Sau da yawa babu mugun nufi a ciki. Wanda ya rubuta takardar neman tallafin masanin gine-gine ne ko na kwamfuta, bai taɓa tsayawa gaban aji mai yara fiye da ɗari ba. Bai san cewa ajin ba shi da wurin sa caji ba. Bai san cewa malami da kuɗin aljihunsa yake sayen data ba, kuma hoto mai jiki yana da nauyi, buɗe guda ɗaya yana iya cinye abin da malami ya tanada na mako. Bai san cewa yaron aji uku da Hausa yake tunani ba. Mu muka san waɗannan, saboda haka mu ya kamata mu faɗa, tun kafin a rubuta kasafi.

Lokacin kuma ya dace. An cire darasin tarihi daga manhajar ilmin matakin farko a wajajen 2009, aka yi shekaru ana yaye yara ba tare da shi ba, sai a 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da mayar da shi. An mayar da darasin, amma malamin da zai koyar da shi sau da yawa alli ne kaɗai a hannunsa. Yaro a Challawa ko Panshekara yana zaune a inda tafiyar ba ta kai awa guda ba zuwa Gidan Makama, amma ku tambayi ajinku gobe, ku ƙirga hannuwa nawa za su tashi. Balle kwalekwalen Dufuna da aka gano a jihar Yobe a 1987, wanda masana suka ƙiyasta ya kai shekara 8,000, ko hasumiyar Gobarau ta Katsina, ko rijiyar Kusugu ta Daura.

Abin da ya kamata mu nema

Duk wanda ya zo yana neman sa hannun makaranta ko takardar goyon baya daga wannan reshe, ina ba da shawara mu gindaya masa sharuɗɗa shida.

Na farko, harshe. Bayanin da ke tare da hoton ya kasance da Hausa, a rubuce da kuma a murya, kuma da kalmomin magina: tubali, azara, makuba, zanko, bakan gizo, ɗaurin guga. Yaron da ya ji an kira baka mai ɗauke da rufin soro da sunan da kakansa ke kiran sa ya san cewa abin nasa ne. Turanci ya biyo baya, tun da shi ma muna koyar da shi.

Na biyu, kayan su yi aiki ba tare da intanet ba. A rage nauyin hotunan, a zuba su a ƙaramin katin waya, a ba kowace makaranta. A sa majigi mai aiki da batir da farantin sola a cikin kasafi. Iyayenmu suna tuna majigin da ake kafawa a ƙofar fada ko a filin kasuwa, a haska a farin ƙyalle, gari ya taru. Majigi guda da farin bango sun ishi aji ɗaya gaba ɗaya, alhali tabarau mai tsada yaro ɗaya yake ɗauka a lokaci guda.

Na uku, malami ya shiga tun daga rubutun takarda, kuma a biya shi ladan aikinsa. Malami ne zai mayar da hoton Ƙofar Mata darasi. Da hoto guda ana iya koyar da tarihi, a koyar da lissafi ta hanyar auna tsayi da faɗi da kewaye, a koyar da kimiyya ta tambayar dalilin da ya sa gindin bango ya fi samansa kauri, da dalilin da ya sa soron ƙasa ke da sanyi a bazara, sannan a sa yara su rubuta insha'i. Wannan aikin ƙwararru ne. In akwai alawus ga wanda ya riƙe na'ura, akwai ga wanda ya tsara darasi.

Na huɗu, mallaka. A rubuta tun farko wa ke da hotunan bayan an gama. Dalilin wannan sharaɗi yana Jamus: wani gidan tarihi a Balin ya ɗauki surar sassaƙen kan Sarauniya Nafatiti ta tsohuwar Masar, ya ƙi sakin ta ga jama'a, sai da wani mai fasaha ya yi shekara uku yana bin hanyar doka kafin a sake ta a 2019. Bai kamata ranar ta zo ba da malami a Kumbotso zai nemi izini daga wata ƙasa kafin ya nuna wa ajinsa ganuwar garinsu. A ajiye cikakken kwafi a Kano, a Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa ko Jami'ar Bayero, kuma a rubuta cewa makarantu suna da 'yancin amfani da shi kyauta.

Na biyar, kuɗin mota. Gani ya kori ji, amma gani ma hawa-hawa ne. Hoto mai jiki ba ya ba yaro sanyin zaure, ba ya ba shi warin baba a karofi. Amfaninsa mafi girma shi ne ya shirya yaro, ya je wurin da tambayoyi a bakinsa, ya dawo ya sake juya hoton yana tuna abin da ya taɓa da hannunsa. Duk kasafin da ya ware miliyoyi ga na'ura, ya kasa ware kuɗin bas ɗaya zuwa Dala, bai cika ba.

Na shida, magina da masu sana'a su samu rabo. Darasin Tumbutu ke nan. In an ɗauki surar ganuwa alhali babu saurayin da ya iya kwaɓa ƙasa ya murza tubali, to mun tanadi hoton mamaci ne kawai. A gayyaci magini aji, a biya shi, ya nuna wa yara da hannunsa.

Challawa ma tana da gado

Kada mu ɗauka cewa tarihi yana ƙarewa a bakin badala. Mu da ke koyarwa a nan muna zaune a tsakiyar wani babi nasa. Me ya sa kamfanonin jima suka taru a Challawa da Sharaɗa? Domin Kano ta yi ɗaruruwan shekaru tana jima. Fatar akuya da majema suka sarrafa da bagaruwa ta ratsa Sahara a bayan raƙuma, har Turawa suka riƙa kiran ta fatar Maroko saboda ta can take isa gare su. Bajamushen matafiyi Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya yi dogon bayani a kan yawan tufafi da takalman da birnin ke fitarwa. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da 1498, ita ce kakar masaƙun zamani da aka kafa a Bompai da Sharaɗa da Challawa bayan jirgin ƙasa da wutar lantarki sun iso. Da yawa daga cikin masaƙun nan yau a rufe suke, injinansu sun yi tsatsa, wasu an sayar da su a matsayin tsohon ƙarfe.

Mahaifin yaron da ke zaune a bencin baya wataƙila ya yi shekara ashirin a gaban injin saƙa. Kakarsa wataƙila ta yi kaɗi da mazari da alli. A gidajen ɗalibanmu akwai kwashiya da ƙoshiya da wuƙar jima da tsohon katin shiga kamfani. Waɗannan ba sa buƙatar na'urar leza. Malami mai waya da ɗan horo zai iya ɗora mazari a kan tebur, ya zagaye shi da hotuna, ya haɗa da muryar tsohuwar da ta yi aiki da shi, bayan ya nemi yardarta. A nan ne iyaye za su shigo a matsayin malamai. Kuma in muka koyar da tarihin jima, gaskiya ta wajabta mu koyar da abin da ruwan kamfanoni ya yi wa kogin Challawa da gonakin da ke bakinsa, tun da yaran suna shaƙar warin kowace safiya.

Tambayoyi biyu da na san suna zukatanku

Wani zai ce: Malam, rufin ajina yana yoyo, yarana a ƙasa suke zaune, kai kana maganar hoto? Tambaya ce ta gaskiya. Gwamnatin jiha da kanta ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi a 2024, wanda ke nuna girman matsalar. Amsata ita ce wannan kuɗi daga wata jaka yake fitowa. Gidauniyar da aka kafa domin kayan tarihi ba za ta sayi benci ba ko da mun ƙi kuɗinta, wani wuri za ta kai su. Rufi da benci da albashi haƙƙi ne a kan gwamnati da hukumar ilmin bai-ɗaya, kuma ba za mu sassauta nemansu ba. Amma farantin sola da majigin da suka shigo ta hanyar tarihi suna nan a makaranta ranar darasin lissafi.

Wani kuma, musamman cikin iyaye, zai yi tambaya a kan hukuncin surori. Wannan fage ne na malaman addini, kuma ya dace a tuntuɓe su tun farko, a shigar da limamai da masu unguwanni cikin kwamitin kowane aiki. Abin da zan ce kawai shi ne gadon da muke magana a kai a Kano mafi yawansa ganuwa ne da ƙofofi da masallatai da soraye da kayan sana'a da allo da tawada da rubuce-rubucen malamanmu na Larabci da ajami. Akwai aikin shekaru a cikin waɗannan kaɗai.

Shawarwari ga reshe

Masu ba da tallafi ba sa ba mutum ɗaya kuɗi. Suna neman ƙungiya mai rajista da asusun banki da wanda zai binciki lissafi. Malami shi kaɗai ba shi da waɗannan, amma ƙungiyarmu, wadda ta kafu tun 1931, tana da suna da tsari. Don haka ina roƙon shugabanni su duba abubuwa huɗu.

A kafa ƙaramin kwamiti na malamai biyar, maza da mata, da zai riƙa bibiyar sanarwar neman tallafi da wa'adinta, tun da irin waɗannan sanarwa sukan fito ne sau ɗaya a shekara. A rubuta wa Gidan Makama da hukumar tarihi da al'adu ta jiha da sassan tarihi na Jami'ar Bayero da kwalejojin ilmi da muka fito, a sanar da su cewa a shirye muke mu zama abokan aiki, tare da sharuɗɗan da na lissafa. A nemi izinin sakataren ilmi na ƙaramar hukuma da kwamitocin gudanar da makarantu, a fara gwaji a makarantu biyu ko uku da abin da ke hannunmu, domin mai ba da tallafi ya fi amincewa da wanda ya riga ya fara. Sannan a yi alkawari tun yanzu cewa duk kwabon da ya shigo za a karanta lissafinsa a gaban taro, a kuma buga shi a wannan mujalla tamu. Amana ita ce jarin da ake nema da shi a karo na biyu.

'Yan'uwana malamai, ganuwa ta tsaya shekaru ɗaruruwa ne saboda a kowace shekara ana samun mutanen da suke ganin gyaranta wajibinsu ne, kowace unguwa da nata sashe. Yaran da ke gabanmu yau su ne za su zama kansiloli da injiniyoyi da jami'an filaye da masu tuƙa katafila. Ranar da aka kawo wa ɗayansu takardar yanka fili a kan badala, abin da ya koya a aji huɗu yana cikin abin da zai sa ya sa hannu ko ya ajiye biro. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wannan sashe na ganuwa shi ne namu.